Baƙin Mai a Daɓen Dada

A shekara ta biyu da Jalingo ta zama babban birnin jiha, samun ɗakin haya ya fi samun aikin gwamnati wuya. Ma'aikatan da aka kwaso daga Yola sun cika garin har ya rasa inda zai sa su. Wasu a ofis suke shimfiɗa tabarma, wasu a ajin makaranta, wasu kuwa sun baro iyali can sun zo su kaɗai. Cecilia ba a bakin kowa ta ji wannan ba. Ita da mijinta Philemon da 'yarsu Rejoice, tana goye, sun yi watanni a wani shago mara taga a bayan tasha, inda in ruwa ya sauko sai sun ɗora katifa a kan akwati. Daga nan ne Allah ya haɗa su da ɗakuna biyu a gidan Dada Hajara, a unguwar Turaki. Tun ranar da ta kwance kayanta a ɗakunan nan Cecilia ta yi wa kanta alkawari: ko me za a yi mata a gidan, ita da shagon nan har abada.

Dada Hajara Bafulatana ce, doguwa, siririya, mijinta ya daɗe da rasuwa. Abin da ya bar mata shi ne gidan, da 'yan awaki, da wani faffaɗan daɓen siminti da ya mamaye tsakar gida tun daga bakin get har jikin katangar baya. A kansa take shanya duk abin da take sayarwa, barkono, kuɓewa, garin rogo, masara. Ta fi kula da daɓen nan a kan ɗakin kwananta, ko takalmi ba a hawansa da shi in tana kallo.

To, ta kan wannan daɓen ne Philemon yake ratsawa da Fijo ɗinsa kullum, da safe kafin a yi shanya, da yamma bayan an kwashe, ya ajiye ta a ƙarshensa, hancinta jikin katanga. Ɗan Dada ne ya yarda da haka lokacin da ya ba su hayar, ya koma Yola abinsa ya bar su da uwarsa. Ita ba ta taɓa yarda ba. Da farko dai gunaguni ne kawai. Sai wata rana bunsurun Dada ya haye kan motar yana tsalle, Philemon ya fito da gajeren wando ya jefe shi da dutse, bunsurun ya yi sati yana ɗingishi. Daga ranar gaisuwa ta mutu tsakaninsu. In Dada tana da magana da shi, ko yana tsaye a gabanta, sai ta juya ta ce, "Ke matar mai mota, ki gaya wa mijinki." Shi ma in zai amsa sai ya ce, "Maman Rejoice, ki gaya mata." Cecilia ta zama hanyar da kowa ke bi ya taka.

Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar share gari ce, ba a fita sai hantsi ya ɗaga. Mata na shara da ƙona bola, maza kuwa da yake an tsare su a gida, sai su faɗa wa motocinsu da babura. Philemon ba ya kai motarsa wurin makanikai in dai juyen mai ne. Yana da littafin motar da akwatin sifanoni, ya kuma iya aikin, wannan ko Dada ba za ta musa ba in da za ta faɗi gaskiya. Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi, ya kwance notin da ke ƙasan inji, tsohon mai ya kwararo baƙi ƙirin cikin wani tsohon daro. Da ya tsiyaye, ya fito ya shiga ɗaki ɗauko galan ɗin sabo.

A unguwar ba a zubar da tsohon baƙin mai. Da shi ake shafa wa katakon rufi da ƙafafun rumbu don gara, kuma in a gidan haya aka yi juye, na mai gida ne, ba sai an tambaya ba. Don haka Dada ta ajiye tsintsiyarta, ta ɗauki daron, ta yi bayan garken awaki da shi. Cecilia tana wanki ta ga mijinta ya fito, ya dubi inda daron yake, ya dubi bayan Dada, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya rufe. Ya ɗan tsaya yana sosa ƙeya.

"Maman Rejoice, ba ni zaren ɗinki da guntun sabulu."

"Na me?"

"Na aiki. Ke dai kawo."

Ta kawo. Ya naɗa wa notin zare, ya shafa sabulu, ya ɗaure, ya zuba sabon mai, ya tayar da injin yana saurare yana gyaɗa kai. Ita kuwa ta ci gaba da wankinta, ba ta kawo komai a ranta ba.

Washegari suna shirin coci, tana ɗaura ɗankwali, muryar Dada ta tsaga gidan.

"Ke! Matar mai mota! Fito!"

Cecilia ta fito da takalmi ɗaya a hannu. An ɗan yi yayyafi da asuba. Ƙarƙashin motar wani baƙin tabo ne kamar faifai, ruwan kuma ya ja shi ya yi masa doguwar wutsiya har tsakiyar daɓen, yana ƙyalli launi-launi. Awaki sun taka sun bi ko'ina da sawu. Dada na tsaye a kai, hannu a ƙugu.

"Zo ki ga aikin jakin mijinki. Akuyata ma da ba ta yi makaranta ba, ba ta fitsari a nan."

"Dada, ki yi haƙuri. Yanzu zan wanke."

"Ki wanke me? Ki wanke, ya sake yi? Duba, ga shi can yana ɗiga. Ina kallonsa yana kallona."

Gaskiya ne. A bakin notin wani ɗigo ya taru, ya yi nauyi, ya faɗo. Philemon ya fito yana gyara wuyan rigarsa, ya ɗan sunkuya, ya miƙe.

"Maman Rejoice, ki gaya mata ɗigo ne kawai. Kowace mota tana yi."

"Ki gaya masa ni ba kowace mai gida ba ce. Ya je ya nemi gidan da ake cin tuwo da man inji."

"Ki gaya mata ɗanta ne ya ba ni wurin nan."

"Ki gaya masa ni na haifi ɗan, ba shi ya haife ni ba!"

Cecilia ta ruga ta ɗauko gwangwanin madara ta tura ƙarƙashin injin. Dada ta sa ƙafa ta shure shi ya yi gefe yana ƙara.

"Gwangwani? Kaza ta zo ta kifar min da shi a cikin abinci? Saurara da kyau, don ba na son gobe ki ce ba ki ji Hausa ba. Gobe da safe masarata za ta iso daga Iware. Abincin shekarata ne, kuma a nan zan shanya ta. In na leƙa ƙarƙashin abin nan na ga ɗigo ɗaya, ko kamar kan allura, ku kwashe tarkacenku. Akwai wani ma'aikacin asibiti da ya gaji da zuwa yana roƙona ɗakunan, shi keke gare shi."

Ba su je coci ba ranar. A ɗaki Cecilia ta rufe ƙofa ta jingina da ita.

"Baban Rejoice, don Allah ka fitar da motar nan waje."

"In fitar da ita ɓarayi su kwance min tayoyi kamar yadda suka yi wa maƙwabcinmu George? In na fitar da ita yau, tsohuwar nan ba za ta bari ta sake shigowa ba. Abin da take nema ke nan tun farko."

"To ka gyara."

"Ai ba wani abu ba ne. Akwai wani ɗan zobe na jan ƙarfe, washa ake ce masa, da ke zama tsakanin notin da jikin inji. Shi ke hana yoyo. Jiya da na kwance, ya faɗa cikin tsohon man."

"Ina tsohon man?"

Ya nuna taga da haɓa. Cecilia ta gane daron Dada yake nufi.

"Tun jiya ka sani? Kana tsaye ta ɗauki daron, ka kasa cewa ta dakata?"

"In yi mata magana? Ni?"

"Ko bayan an buɗe hanya ai da ka saya a kasuwa."

"Na zaci zaren zai riƙe. Ya isa haka, ba ke za ki koya min mota ba."

"Ni ban san mota ba. Shagon bayan tasha na sani. Ka manta yadda yarinyar nan ta yi tari a ciki?"

Ya cire rigar coci ya sa wata, ya ce zai je ya duba. Su biyun sun san masu shagon kayan mota ba sa buɗewa ranar Lahadi, suna coci, daga can su wuce taron 'yan garinsu. Ya ce in bai samu ba zai taka har Yelwa wurin abokinsa Job, mai irin motarsa, ko yana da na ajiya. A ƙafa ya tafi, don ko shi bai yarda ya ja ɗigon nan ta tsakiyar daɓe ba.

Cecilia ta kwantar da Rejoice, ta jira har ta ji Dada ta shiga ɗaki. Sannan ta zagaya bayan garke a sanɗa, kamar ba gidan da take zaune ba. Daron yana nan jikin katanga, man ya ragu, ƙafafun rumbu da turakun awaki sun sha shafa suna sheƙi. Ta naɗe hannun riga, ta runtse ido, ta tsoma hannu. Man yana da sanyi da kauri, ƙasansa wani dagwalo kamar laka. Ta laluba gefe, ta laluba tsakiya, ta ɗebo ta murza da yatsu. Yashi ne da ɓurɓushin ƙarfe, sai wata matacciyar fara.

"Sata kuma aka koma?"

Ta zabura har man ya fantsalo mata a zani. Dada ce a bayanta, da buta a hannu.

"Ba sata ba ne, Dada. Wani abu ne ya faɗa a ciki."

"Abin da ya faɗa cikin daron da ya zama nawa, na wane ne?"

"Ɗan ƙaramin abu ne. Shi zai tsayar da yoyon."

"Oho. Ashe an san abin da zai tsayar, aka zauna ana ce min ɗigo ne kawai."

Dada ta ɗaga hannu ta gyara mayafinta. A nan idon Cecilia ya sauka kan ƙaramin yatsanta na hagu. Wani zobe ne ja, faffaɗa, an goge shi da toka har yana ɗaukar ido. Ta san hannun Dada sarai, hannun da ke nuna ta kullum, kuma jiya ba zobe a jikinsa.

"Dada," ta ce a hankali, "wannan ne."

Dada ta dubi yatsan kamar yau ta fara ganinsa.

"Wannan? Wannan maganina ne. Jan ƙarfe ne, shi ke tsotse sanyin ƙashi. Tun rasuwar Malam nawa ya ɓace, jiya Allah ya kawo min wani a ƙasan daro. Daren jiya ne kaɗai na yi barci hannun nan bai tashe ni ba. Sai ki zo ki ce in cire in ba jaki ya sa?"

"Zan saya miki wani. Na gaske, wurin maƙera."

"Ki saya wa mijinki. Ni wannan ne ya karɓe ni."

"Ai yau ba kasuwa, Dada. Kuma kin ce gobe da safe."

"Na ce. Ban kuma janye ba."

Ta wuce ta zauna kan tabarma a inuwar ɗakinta, ta jawo faifan wake ta fara tsincewa. Cecilia ta biyo ta, man na ɗiga daga gwiwar hannunta, ta tare shi da ɗaya hannun don kada ya taɓa simintin. Ta durƙusa. Ba ta taɓa durƙusa wa Dada har ƙasa haka ba, kuma tana jin yaran maƙwabta da suka ji hayaniyar safe sun hau reshen mangwaro suna leƙe ta katanga.

"Don Allah, Dada. Ni ban taɓa yi miki komai ba."

"Ba ki taɓa ba. Ke dai ki sunkuyar da kai ki ce haƙuri, haƙuri, kamar haƙurin naki ana dafawa a ci. Ya jefi bunsuruna, haƙuri. Ya wuce ni hannu a aljihu kamar ya wuce turmi, haƙuri. Shi bakinsa ciwo yake? Ya zo da kansa ya tsuguna inda kike ya roƙa."

Cecilia ta san ko gidan zai kama da wuta Philemon ba zai yi wannan ba, ta kuma san Dada ta sani.

"Ba ya nan. Kuma ba zai zo ba."

"To shi ke nan. Ki fara ɗaure kaya tun da rana."

Ta ci gaba da tsince wakenta. Cecilia ba ta tashi ba. Gwiwoyinta suka fara zafi a kan ƙasa, man ya fara bushewa a fatarta yana ƙaiƙayi. Kaza ta zo ta tsinci waken da Dada ta yar, ta tafi. Can dai Dada ta ajiye faifan.

"Tunda shi ba shi da baki, ke ki ara masa naki. Ki faɗa, da ƙarfi, yadda na bayan katanga za su ji. Ki ce, mijina bai iya ba, ya ɓata wa Dada daɓe, girman kai ya hana shi roƙo."

"Dada..."

"Ki faɗa ko ki tashi min daga gaba, kina warin gareji."

Cecilia ta dubi ƙofar ɗakunanta biyu, da labulen da ta ɗinka da hannunta, da igiyar da kayan Rejoice ke rataye.

"Mijina bai iya ba," ta ce.

"Ban ji ba. Kunnena ya tsufa."

"Mijina bai iya ba! Ya ɓata wa Dada daɓe! Girman kai ya hana shi roƙo!"

Yaran kan mangwaro suka tuntsire da dariya. Dada ba ta yi dariya ba, idonta na kan bakin get. Cecilia ta waiwaya. Philemon ne tsaye, gumi ya jiƙa masa riga, hannunsa babu komai. Ya dubi matarsa a durƙushe, hannu baƙi har gwiwa. Ya bi gefen daɓen ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Dada ta miƙo hannu. "Cire abinki."

Zoben ya ƙi fita. Gaɓar yatsan ta kumbura, bakin ƙarfen kuma mai kaifi ne, ya nutse cikin fata. Cecilia ta wanke hannu da toka, ta ɗauko sabulu ta shafa, ta murza, ta ja. Dada ta yi ƙara ta bige mata hannu.

"Yatsan za ki tafi da shi? Shi ma motar na buƙata?"

"Ki yi haƙ..." Ta datse maganar. Ta koma ta ɗauko sauran zaren jiya, ta zura bakinsa ƙarƙashin zoben da allura, ta naɗe gaɓar tam-tam, sannan ta fara warwarewa daga ƙasa, zoben yana bin zaren kaɗan-kaɗan. Kansu ya kusa haɗuwa. Tana jin numfashin tsohuwar da ƙamshin man shanun da ke gashinta, tana jin yadda ƙasusuwan hannun suka fito, ba nama. Dada ta cije leɓe, hawaye ya taru a idonta, amma ba ta sake yin ƙara ba. Da zoben ya tsallake gaɓar ya faɗo kan tabarma, fatar wurin ta ɗan ɗaye.

"In hannun nan ya hana ni barci yau," in ji Dada, tana hura yatsan, "ƙofarki zan buga."

Cecilia ta shiga ɗaki ta ajiye washar a kan tebur gaban mijinta. Ya ɗauki washar, ya juya ta, ya duba gefenta ko ta lanƙwashe. Sannan ya tashi ya cire riga.

"Kawo daro mai tsabta. Sai an juye sabon man kafin a sa."

Daro mai tsabta ɗaya ne a gidan, na wankan Rejoice. Shi ta kawo. Ya shige ƙarƙashi, ta tsuguna tana riƙe da bakin daron. Ya kwance notin, man ya kwararo ja-ja, bai riga ya yi baƙi ba. Ya warware zaren jiya da ya tsittsinke ya jefar, ya goge notin da tsumma, ya goge bakin ramin, ya sa washar, ya fara ɗaurewa da hannu a hankali don kada ya hau karkace, sannan ya kama da sifana ya ja har ya tsaya. Duk wannan bai dube ta ba. Suka mayar da man ta mazurari, tana karkata daron yana riƙe. Ya tayar da injin, ya bar shi ya yi zafi, ya kashe, ya sake shiga ya shafa notin da yatsa. Ya fito ya nuna mata yatsan, a bushe.

"Ga wanda bai iya ba," ya ce. "Je ki faɗa da ƙarfi."

"Baban Rejoice, don ɗakin na yi."

"Na ji. Duk Turaki ma sun ji."

Ya tattara sifanoninsa. Da yamma ta kawo masa abinci ya ce ya ƙoshi.

Sauran yinin a kan daɓe ta ƙarar da shi. Ta zuba toka ta bari ta tsotse, ta share, ta zuba yashi da garin sabulu ta durza da ɓawon kwakwa har tafin hannunta ya yi ja. Sawun awakin ya fita, wutsiyar ta fita, amma ainihin tabon ya rage, ya koma toka-toka kamar inuwa. Dada ta wuce sau da dama ba ta tanka ba, sai sau ɗaya da ta nuna wani wuri da ƙafa ta ce, "Nan fa?"

Gari na wayewa Cecilia ta riga kowa fitowa. Ta kwanta rub da ciki ta leƙa. Babu ɗigo. Ta shafa simintin, ta shinshina hannunta, ta sake leƙawa. Tana nan Dada ta fito da farin ƙyalle ɗaure a bakin sanda, ta zura ƙarƙashin motar, ta goga a ƙasa, ta goga a jikin notin, ta jawo ta duba a hasken safiya. Ƙyallen fari fat. Ta juya shi gaba da baya kamar wadda aka cuta a ciniki.

"Hm," ta ce. "Ku zauna."

Cecilia ta kakkaɓe zaninta, ta koma ɗaki.

Ba a jima ba akori-kura ta tsaya a waje, ta yi sammakon da ba wanda ya zata. Maza biyu suka riƙa shigo da buhuna suna kwancewa inda Dada ta nuna. Ba daga tsakiya ta fara ba, yadda ta saba da barkono. Daga bakin get ta fara. Ta sa aka zazzage, ta bi da katako tana bajewa, masara rawaya ta rufe daɓen daga wannan gefe zuwa wancan, ta matso, ta matso, har ta taɓo tayoyin bayan Fijo. Dada ta sunkuya da kanta ta tura wata ƙarƙashin motar, ta zagaye kowace taya da hannu, tsaf.

Philemon ya fito cikin kayan ofis, an goge, makulli a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa. Tsakanin motarsa da get babu wurin da ko taya ɗaya za ta bi.

"Maman Rejoice," ya ce, karo na farko da ya kira ta tun jiya, "ki tambaye ta ta ina zan fita."

"Ki gaya masa ga hanya nan jikin katanga," in ji Dada, ba ta ɗago ba. "Ta ishi mutum. In ya cire takalmi."

"Ki tambaye ta yaushe za ta kwashe."

"Ki gaya masa masarar kaka ba barkono ba ce da za a kwashe kullum yamma. A nan take kwana, a lulluɓe ta. Sai ta bushe."

"Yaushe za ta bushe?"

Wannan kai tsaye ya tambaya, ya manta da matarsa. Dada ta miƙe a hankali, ta dafa ƙugu, ta ɗaga kai ta dubi sama, inda hadari ke ɗan taruwa ta gabas. Sannan ta juya wurin Cecilia.

"Ki gaya masa ban sani ba. Kuma in taya ta taka min ƙwaya ɗaya, maganar jiya tana nan."

Philemon ya dubi matarsa, yana jira ta ce wani abu. Cecilia ta dubi ƙasa. Ya sa makullin a aljihu, ya sunkuya ya kwance igiyar takalmi, ya riƙe su a hannu, ya bi jikin katanga da safa, kafaɗarsa na gogar bulo tana kwasar farar ƙasa. A bakin get ya zauna kan dutse ya mayar da su. Ya fita bai waiwayo ba.

Rejoice ta farka tana kuka. Cecilia ta shiga ta ɗauko ta, ta fito neman abin da za ta yi mata wanka a ciki, don daron har yanzu yana santsin mai. Dada na zaune a bakin shanya da doguwar sanda tana korar kaji, yatsanta ɗaure da tsumma.

"Ke," ta ce, "in kin gama, zo ki karɓi sandar nan. Hannuna bai bar ni na runtsa ba."